Jan dutsen dalma: me za ka duba kafin ka biya?

Tambaya: Ina tara duwatsun ma'adinai. Wani dillali ya turo mini hoton jan dutse, ya ce kurokoyit ne daga Maroko, kuma da araha. In saya? Mai karatu daga Jos.

Amsa: Malam, dakata tukuna. Ambaton Maroko ne ya sa ni shakka. Kurokoyit haɗin dalma ne da wani ƙarfe mai suna kuromiyam, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. A tsaunukan Ural na Rasha aka fara gano shi, daga cikinsa ne kuma Vauquelin, wani masani ɗan Faransa, ya gano kuromiyam a 1797. Masu kyan da ke kasuwa yau galibi daga Dundas suke, a tsibirin Tasmaniya na Ostiraliya, musamman mahaƙar Adelaide. Jan dutsen dalmar da Maroko ta yi suna a kansa banadinayit ne na Mibladen. Shi ma abin ajiyewa ne, sai dai kada a sayar maka da shi da sunan wani.

Ka dubi siffa. Kurokoyit dogo ne siriri, a cunkushe kamar tsinken tsintsiya, wasu ma da rami a ciki. Banadinayit gajere ne mai kusurwa shida, kamar gidan saƙar zuma. In dutsen ya zo hannu, a goga gefensa a bayan tayil marar sheƙi: kurokoyit zai bar zane rawaya mai ɗaukar ruwan lemo, na banadinayit kuwa fari-fari ne. Nauyin kurokoyit ya kai ninki 6 na ruwa, don haka ɗan ƙarami ma za ka ji shi a tafin hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Ana haɗa wani gishirin kuromiyam a ɗakin gwaji, ja mai ɗaukar ido, a liƙa shi a kan dutse. Wannan yana narkewa a ruwa, kuma guba ne; na gaske ba ya narkewa. Araha ba ta ado. Ka nemi takardar da ke nuna mahaƙar da ya fito, in babu, ka haƙura.

Tambaya: Maigidana ya ajiye irin wannan dutse a falo, ga yara ƙanana. Da haɗari?

Amsa: Hajiya, tambayarki ta yi daidai. Kallo ba ya cutarwa, ƙurarsa ce matsalar. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara kusan 400 saboda ana niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. Kurokoyit kuma gautsi gare shi, taɓawa kaɗan sai ya marmashe. A sa shi cikin rufaffen akwatin gilashi, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da kicin da hasken rana. Kada a kankare shi, kada a hura masa iska da baki, kuma duk wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.