Amsa ga mai son yin digirin dakta a akiyoloji

Ɗan'uwa ka ce kana koyarwa a wata sakandare a wajen Gwaram, ka gama mastas, kana tambaya ko za ka iya yin PhD a ilimin tonon kayan tarihi kuma a ina. Za ka iya wallahi, ABU Zariya na da sashen, akwai kuma Jos da Ibadan da Nsukka, amma mu nan Zariya da Jos sun fi mana kusa. Ka fara nemo malamin da zai duba aikinka tun kafin ka sayi fom, ka je masa da ɗan rubutun abin da kake son bincika.

Kuma kar ka kai idonka nesa, ga zanen dutse nan a Birnin Kudu, Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ga kufai birjik a ƙauyukanmu, manoma na huɗa suna turo tsingaro da kashin maƙera suna zubarwa a bakin gona, wannan fa duk aikin dakta ne yake jiran mai yi, abin har ciwo yake min. Sai dai ba a tono haka kawai, sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ka kuma gaida dagaci da mai gona tukuna don kar a ce ma'adini kake nema.

Kuɗi ne matsalar gaskiya. Gawayin da ka haƙo ƙasar waje ake kai shi a auna shekarunsa, da dala ake biya, ga 'yan ƙwadago ga mota. Shekara 3 ce a takarda amma yawanci ana wucewa, tonon ma da rani ake yi, to ka fara maganar hutun karatu da ofishinku tun yanzu.