Amsa ga malamin da ake so ya tsaya wa yayan matarsa a banki

Wa alaikumus salam, Malam. Tun da asuba na ga tambayarka, na bari sai na taso daga kasuwa, don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce yayan matarka zai karɓi rancen naira miliyan 3 a wani ƙaramin banki nan Gombe ya sari masara ya ajiye, ana neman ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, kuma an ce maka sa hannu ne kawai, tunda ya ba da motarsa jingina: in abu ya lalace ita za a fara sayarwa, ba za a zo kanka ba sai in kuɗinta bai kai ba. Kana tambaya ko haka ne.

Ni ma haka aka gaya min, kamar a bakin mutum ɗaya aka ɗauko. Harkar hatsi nake yi a Tudun Hatsi, kuma na taɓa tsaya wa wani aminina da muka yi makarantar allo tare, a kan naira miliyan 2. Ba zan kama sunan bankin ba, domin ba su yi min komai ba sai abin da na sa wa hannu.

Abin da ya sa muke saurin yarda da irin wannan magana shi ne ta yi daidai da abin da muka taso da shi a zaure. Wanda ya yi karatun Risala ya wuce wurin da aka ce mai lamuni shi ne mai biya, amma ba a bin sa sai in wanda ya ci bashin ya tsiyace ko ba ya nan. Wato a fiƙihun Malikiyya mai cin bashi ne a gaba, mai lamuni yana bayansa. In mutum biyu ko uku suka lamunce, kowa rabonsa za a bi shi. Sai dai malaman sun ƙara da cewa in mai ba da bashin ya gindaya sharaɗi tun farko cewa zai kama wanda ya ga dama, ko masu lamunin suka yarda kowa ya ɗauki nauyin ɗan'uwansa, to sharaɗin ya zauna. Takardar banki kuwa irin waɗannan sharuɗɗa ne aka jera tun daga sama har ƙasa, da Turancin lauyoyi, da ƙananan baƙaƙe.

Ranar da na je, shafi shida ne. Jami'in ya riga ya yi 'yar alama da fensir a duk inda zan sa hannu, yana ɗaga min gefen takardar kawai, ni kuma ina sauri don an kusa tayar da Azahar. Ko minti biyar ban yi ba. Ban nemi kwafi ba, shi ma bai ba ni ba. Sai bayan wata 14 na karanta shafukan nan, a ofishin lauya, da kuɗina.

Layin farko da lauyan ya ɗora min yatsa a kai cewa yake na yarda a ɗauke ni tamkar ni na ci bashin, kuma zan biya da zarar an nema, ba sai an fara bin abokina ko an sayar da jinginarsa ba. Wannan layin shi ne amsar tambayarka. In yana cikin fom ɗin da za a ba ka, maganar "mota za a fara sayarwa" hira ce. Sayar da mota wahala ce, sai an kamo ta, a nemi mai saye, wani lokaci har kotu. Albashinka kuwa duk ƙarshen wata da ƙafarsa yake zuwa. In kai ne bankin, wanne za ka fara taɓawa? Mu biyu muka tsaya wa abokina, ɗayan ba shi da komai a asusu, takarda kuma ta ce ana iya bin mu tare ko a bi ɗaya a kan duka. Ni aka bi a kan duka.

Amma abin da ya fi ƙona min rai, wanda kuma ban taɓa jin wani ya yi wa mai tsayawa bayaninsa ba, shi ne sharaɗin yadda ake kasafta kuɗin da mai bashi ya kawo. Bari in yi maka lissafin yadda ya faru. Rancen na wata 12 ne, ruwa naira 80,000 kowane wata. Wata biyar na farko abokina ya biya cif, uwar kuɗi ta sauko zuwa kusan 1,170,000. Daga nan kasuwa ta juya masa baya, ya koma kai abin da ya samu, yau 50,000, bayan sati uku 100,000. A wata takwas ya kai 600,000. Duk sanda muka haɗu a masallaci sai ya nuna min rasit, ni kuma in cire a raina, in ce saura kaɗan. Da aka bugo min bayanin asusun, na bi layin uwar kuɗi da ɗan yatsa tun daga wata na shida har ƙasa: lamba ɗaya ce, ba ta motsa ba. Takarda ta ce duk abin da ya shigo, a fara cire caji da kuɗin bin bashi, sai tarar jinkiri, sai ruwa, abin da ya rage shi ne zai taɓa uwar kuɗi. Ruwan wata takwas kaɗai 640,000 ne, ban da tara. Ashe duk wahalar da yake yi, zuba ruwa yake a kwando.

Can ƙasan bayanin kuma na ga wata 500,000 da ban san da ita ba. A wata na huɗu, lokacin yana biya da kyau, suka ƙara masa rance. Na ce ni wannan ban tsaya mata ba. Lauya ya juya shafi ya nuna min inda na yarda cewa tsayawata mai ɗorewa ce, ta haɗa da duk abin da ake bin sa yanzu da wanda za a bi shi nan gaba, kuma banki na iya ƙara masa lokaci ko sauya sharuɗɗa ba tare da ya tuntuɓe ni ba. A asalin doka, in mai ba da bashi ya sauya yarjejeniya bai tambayi mai tsayawa ba, mai tsayawa ya kuɓuta. Sun san da wannan ƙofar, shi ya sa suke sa ka toshe ta da hannunka tun ranar farko.

Yanzu maganar mota. Abokina ma mota ya bayar, ta ɗaukar kaya. Da aka zo sayarwa sai ga wani mai ba da rance da takardunsa, shi ma ita aka jinginar masa shekara guda kafin nan. Tun 2017 akwai doka a kan jinginar kayan da ake iya ɗauka, irin su mota, injin niƙa, dabbobi da amfanin gona, akwai kuma rajistar jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. Ƙa'idar ita ce wanda ya riga yin rajista shi ke fara ɗiba. Wancan ya riga. Ya kwashi nasa, ɗan abin da ya saura ya tafi ga tara da ruwa. Don haka kafin ka dogara da motar yayan matarka, a bincika rajistar a ga ko wani ya riga ku. In fili ko gida ne, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce jinginar filin da ke da satifiket sai da amincewar gwamna, kuma a nan GOGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jihar Gombe, za a je a duba ko akwai wani nauyi a kansa.

Ranar da abin ya iso ni ina tsaye a gindin tirela ana lodin wake zuwa Kudu, 'yan dako na jiran sallama. Waya ta yi ƙara, na ɗauka kuɗin wani kwastoma ne ya shigo. Ashe cirewa aka yi, 640,000, daga asusuna da ke wannan bankin, kuɗin mutanen ƙauye da na karɓi kayansu. Shi ma yana rubuce: suna da ikon ɗiba daga duk wani asusu nawa da ke hannunsu ba da sanarwa ba. Kai da ke cin albashi, duba ko akwai layin da ya ba su damar cira daga albashinka kai tsaye. Ka kuma sani tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya kawo tsarin da ke ba banki damar bin lambar BVN ta wanda ya ci bashi ya ɗebo daga asusunsa na wasu bankuna. In ka ga ana neman ka sa hannu a kan irin wannan izini da sunanka, kai ma ka shiga layi.

In suka ce ka bar musu cak da hannunka a kai ba kwanan wata ba adadi, kada ka yarda ko da wasa. Bashi ba laifi ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Amma cak ɗin da ya dawo babu kuɗi wani babi ne daban, dokar 1977 ta mai da shi laifin da zai iya kai mutum kurkuku shekara 2.

Za ka ce ai in na biya sai in koma kansa. Haƙƙinka ne, a shari'a da boko duka, har ɗayan mai tsayawar kana iya neman rabonsa. To amma akwai wani layin da ya ce ba za ka nemi ko kwabo a wurin mai bashin ba, ba kuma za ka taɓa jinginarsa ba, sai banki ya gama karɓar nasa kaf. Wajen biya kai ne na farko, wajen karɓa kai ne na ƙarshe. Kuma abin ba ya mutuwa da mutuwarka, takarda tana hawa kan abin da ka bari. Ka san tsarin rabon gado: a fitar da abin da aka jinginar, a yi hidimar jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya daga sulusi, sannan magada. Wato 'ya'yan ƙanwar tasa ne za su biya.

Na san wasu za su ce tun farko me ya kai Musulmi sa hannu a takardar ruwa. Gaskiyarsu, hadisin tsinuwa a kan riba ya haɗa har da marubuci da shaidu biyu, kuma ya kamata ka zauna da malaminka a kai. Sai dai ko a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa aka je, za a nemi mai tsayawa, sharuɗɗan bin sa kuma sai an karanta su haka nan.

Ban ce ka ƙi ba. Surukuta ce, ni na san nauyinta, kuma bashi hanji ne. Amma ka ce a ba ka fom ɗin ka kwana da shi, ka kai wa lauya ya karanta maka. Ka nemi a rubuta iyakar adadin da ka tsaya wa, da lamba da kalmomi, a kuma ce wannan rancen kaɗai, mai kwanan wata kaza. A rubuta cewa za a sanar da kai a rubuce duk watan da bai biya ba, domin da na sani tun wata na shida, da na biya uwar kuɗin tun a lokacin na huta. In sun yarda a sa cewa jingina za a fara sayarwa, madalla. Ƙananan bankuna kan sassauta in suna son cinikin. In suka ce fom ɗinsu ba ya taɓuwa, ka dai san a kan me kake sa hannu. Tsakaninka da yayan matarka kuma ku yi taku takardar daban da shaidu biyu, a faɗi rumbun da za a zuba masarar da wanda zai riƙe makulli na biyu. Kada kunya ta hana ka, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Ni da abokina muna gaisawa har yau. Duk kaka yakan aiko min da buhu uku ko huɗu, in kimanta da farashin ranar in rubuta a bayan littafin shago. Saura 410,000.