Amsa: takalmin rawar bale na 'yar shekara 11

Hajiya, kin ce malamar 'yarki a Garwa ta ce a sayo mata demi-pointe, wato takalmin da mai koyon rawar bale ke sawa kafin ta fara rawa a kan yatsun ƙafa, kina tambaya ko ki ƙara lamba ɗaya don ƙafa na girma. Kada ki ƙara. Wannan ba takalmin Sallah ba ne. Gabansa na da ɗan tauri kamar na tsayuwa a kan yatsu, amma tafinsa laushi ne, ba shi da abin da zai tallafe ƙafa. Aikinsa kawai ƙarfafa tafin ƙafa da idon sawu, don haka ki ja mata kunne kada ta ɗare kan yatsu da shi, ko da wasa.

Ya kama ƙafar cif, yatsu a miƙe ba a lanƙwashe ba, dunduniya ba ta zamewa. Idan daga Duwala ko Faransa za a aiko, ki zana ƙafafunta biyu a takarda da yamma, tana tsaye, ki auna tsawo da faɗi da santimita, domin lambar takalmin kamfanin Bloch daban take da ta kamfanin Repetto.

Kirtanin ɗaurewa yawanci ke za ki ɗinka. Ki sa malamar ta nuna miki wurin. Bayan darasi ki shanya shi a inuwa, zafin Garwa da gumi suna saurin lalata shi.