Kotu ta ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu, me ya sa ba mu gani a ƙasa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin masarautar Daura. Tun 2024 muka ji a rediyo cewa Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muka yi ta murna. Amma har yau magudanar ruwan bakin kasuwarmu a toshe take, famfon burtsatsen unguwarmu kuwa karo-karo muke yi mu gyara. A majalisarmu wasu na cewa laifin jam'iyya mai mulki ne, da an canza ta komai zai daidaita. Malam, ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Ta ce a biya ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, gwamna ba shi da ikon riƙe musu kuɗi, kuma wadda kantoma ke riƙe da ita maimakon zaɓaɓɓen shugaba ba za a ba ta ko sisi ba. Kason nan ba ƙarami ba ne. A tsarin rabon arzikin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, ban da abin da suke samu daga harajin VAT. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai a lissafin naira, ko da yake tsadar kaya ta cinye wani ɓangare nasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, kotu ta yi magana amma kundin tsarin mulki na nan yadda yake. Sashe na 162 har yanzu yana cewa kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da ƙananan hukumominta, sashe na 7 kuma ya bar wa majalisar dokokin jiha ikon tsara yadda za a kafa su da yadda za a tafiyar da kuɗinsu. Gyaran kundin sai ya samu amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, kuma a zagayen gyaran da aka kammala a 2023 ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi bai samu wannan adadi ba. Ka san wanda majalisun jihohi ke sauraro. Shi ya sa aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasar nan.

Akwai kuma abin da masu murna ba su cika lissafawa ba. Daga cikin kason nan ake biyan albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitocin karkara, da fansho, da kason masarautu. A ƙaramar hukuma mai ma'aikata da yawa, abin da ke saura na aiki bai kai yadda ake zato a majalisar shayi ba. Gwamnoni ma da wannan suke kare kansu: suna tuna wa mutane zamanin da aka bar wa ciyamomi albashin malamai, malamai suka yi watanni ba a biya su ba. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta halatta a riƙe sauran kuɗin ba tare da kowa ya san nawa ya shigo, nawa ya fita ba.

Yanzu ga maganar abokan majalisarka. Ban yarda da su ba, kuma tarihin jiharmu ne hujjata. PDP ta mulki Katsina daga 1999 zuwa 2015, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa da Ibrahim Shema, asusun haɗin gwiwa na nan daram. APC ta karɓa a 2015, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi na PDP bisa zargin almundahana, aka koma hannun masu riƙo. A watan Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka, ta ce a biya su haƙƙoƙinsu. A rana guda ta yanke irin wannan hukunci a kan Oyo, inda gwamnan PDP ne ya kori ciyamomin APC. Laifi iri ɗaya, jam'iyyu biyu, kowacce ta zama mai kuka a wata jiha, mai duka a wata. Da aka zo zaɓe a Katsina a Afrilun 2022, APC ce ta kwashe kujerun ciyaman, a Fabrairun 2025 kuma ta lashe 34 ɗin duka. Ka duba jihohin da wasu jam'iyyu ke mulki, kusan ko'ina sakamakon ke nan: jam'iyyar gwamna ta kwashe komai. Kowace jam'iyya tana son 'yancin ƙananan hukumomi ne muddin tana adawa.

Dalilin a bayyane yake. Zaɓen ciyaman da kansila ba INEC ke shirya shi ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, gwamna ke naɗa shugabanninta, jiha ke ba ta kuɗin aiki. Kafin a kai ga ranar zaɓe ma, an gama magana a wajen fid da gwani, inda ake kiran ɗauki-ɗora da sunan maslaha. To mutumin da ya san ba ƙuri'arka ce ta ɗora shi ba, ranar da kuɗi suka sauka a asusunsa kai tsaye wa kake zaton zai fara tunawa? Ubangidansa. A ganina wannan ne babban gyaran da ya rage, ya ma fi maganar asusu nauyi. Ko dai a mayar da zaɓen hannun INEC, ko a cire naɗin hukumar jiha daga hannun mutum ɗaya. INEC ma ba waliyyiya ba ce, amma a Abuja, inda ita ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, an sha ganin jam'iyyu sun raba kujeru.

Akwai ɓangaren tattalin arziki da ya shafe ka kai tsaye a matsayinka na ɗan kasuwa. Dattawa za su tuna zamanin En'e, lokacin da haraji da jangali ke riƙe da baitulmali. An yi zalunci wajen karɓarsu, shi ya sa talakawa suka yi farin ciki da gwamnatin PRP ta Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina da Daura ke ciki kafin 1987. Ba ina kiran a dawo da su ba ne. Amma tun da kuɗin mai suka zama abin dogaro, hukuma ta daina buƙatar aljihun talaka, sai ta daina jin kunyarsa, shi ma ya daina tambaya don yana ganin kuɗin ba nasa ba ne. Alhali kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara da magudanan ruwa duk suna cikin ayyukan da kundin tsarin mulki ya lissafa wa ƙaramar hukuma. Kuɗin rumfa da kake biya, da na dabbobin da ake karɓa a kasuwa irin ta Mai'aduwa, kuɗin shiga ne na hukuma. Ana ba ka rasit? In ana ba ka, akwai lamba a jikinsa?

Ta nan nake ba ka shawara ku fara, kuma a ƙungiyance, don takardar mutum ɗaya a aljihun tebur take kwana. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata, yaron da ke da waya zai iya ciro muku na taku. Ku riƙe adadin, ku gayyaci kansilanku, tunda kowace mazaɓa daga cikin 361 na jihar tana da nata, ku tambaye shi kwafin kasafin kuɗin bana da kuma ko magudanar ruwan kasuwarku na ciki. In ya ce bai taɓa ganin kasafin ba, kun samu amsar rabin tambayarku. Daga nan ƙungiyar 'yan kasuwa ta rubuta wa sakatariya a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ku nemi adadin kuɗin shigan kasuwar da inda aka kashe su. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. A bar hular jam'iyya a gida ranar da za a kai takardar, kuma cikin masu sa hannu a samu 'yan jam'iyyar ciyaman ɗin kansa, don da zarar an ga 'yan adawa ne kaɗai za a ce siyasa ce a ajiye ta gefe.