Amsa ga mai tambaya kan sayo jirgin shaƙatawa na hannu daga waje

Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka ce ka ga jirgin ruwa na shaƙatawa, tokumbo, a intanet a Amurka, farashin ya yi maka, kana so ka kawo shi Legas. Ni na kawo nawa daga Fulorida, mai tsawon ƙafa 24, don haka bari in gaya maka abin da na gani.

Don Allah kada ka tura ko dala ɗaya sai wani ya je ya taɓa jirgin da hannunsa. Akwai masu duba jiragen ruwa a can, sana'arsu ke nan, ka biya su su rubuto maka rahoto. Jirgin farko da na so, a hoto sai sheƙi yake. Mai dubawa ya turo min bidiyo yana ƙwanƙwasa bayan jirgin, inda ake ɗaura inji, da ƙaramar guduma. Wani wuri ƙas-ƙas, wani wuri ɗum, kamar ana bugun kankana. Katakon ciki ya sha ruwa ya ruɓe. Kuma ka sani, bayan guguwar Ian ta 2022 an yi gwanjon jirage da yawa da suka nutse a Fulorida, aka wanke aka goge. Ruwan gishiri in ya shiga wayoyi, cin su yake a hankali. Ka sa a duba lambar jikin jirgi ta dace da takardar mallaka, a karanto awannin da inji ya yi.

Inji kuwa, ka nemi na ɗaurawa a baya, musamman Yamaha. Bakanikenmu na nan sun san shi, kayan gyara na samuwa. Injin da ke cikin jirgi kuwa, abu kaɗan zai lalace ka zauna jiran saƙo daga waje.

Sai faɗi. Ƙofar kwantena ba ta wuce mita 2.34 ba, jiragen Amurka da yawa kuma faɗinsu mita 2.59 ne. Nawa bai shiga ba, a kan tirelarsa ya zo cikin jirgin dakon motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, kuma da girma ake lissafin kuɗin.

Ka buɗe Form M, wato takardar neman shigo da kaya daga waje, a bankinka tun kafin a loda, sannan Kwastam su fitar da PAAR, takardar ƙiyasin kuɗin fito kafin kaya su iso. Ejan ɗina mai fito da kaya ya yi sakaci a nan, jirgi na zaune a tasha, kuɗin ajiya na hawa kullum, har yau ina jin zafin abin. Ka sa a lissafa maka kuɗin fito da harajin VAT na kashi 7.5 tun yanzu.

In ya fito, akwai rajista da NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida ta ƙasa, ka kuma leƙa LASWA, takwararta ta Jihar Legas. Wutar lantarkin Amurka volt 120 ce, tamu 230, sai ka canja caja ko ka sa taransifoma. Ka tanadi wurin ajiya a Ikoyi ko Lekki kafin ya iso, domin hayarsa ta wata-wata ce. Lokacin kainuwa kuma ka riƙa duba mashigar ruwan inji kafin ka nufi gaɓar shaƙatawa ta Tarkwa Bay.

Turo min faɗin jirgin da irin injinsa, in duba maka.