Megafiksel nawa kyamarar madubin likita ke buƙata?

Tambaya: Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti, kuma muna son ɗaukar hoton ƙwayoyin maleriya domin mu riƙa tura wa likita. Mai shago ya ce kyamarar da ba ta kai megafiksel 20 ba asarar kuɗi ce, kuɗinmu kuwa bai kai ba. Ina tsoron in sayi ƙarama, hotonta ya sa a yi kuskure a kan mara lafiya.

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, ƙaramar za ta ishe ka. Wannan magana ta megafiksel, wato yawan ɗigogin hoto (fiksel) da ake ƙirgawa da miliyan, ta dame ni ƙwarai, domin kullum sai na ga an zuba kuɗin asibiti a kan lambar da aka buga a jikin kwali. Tun 1873 masanin kimiyyar nan na Jamus, Ernst Abbe, ya nuna cewa madubin da ke aiki da haske yana da iyaka, wadda ba ta wuce rarrabe abubuwa biyu da ke da tazarar kusan maikuromita 0.2 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ko da gilashin nan mai ninki 100 da kake ɗiga wa mai. Abin da gilashin bai kamo ba, babu kyamarar da za ta ƙirƙiro shi. Idan ka haɗa gilashin da sensa (ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) mai rabin inci ta mahaɗin kyamara da madubi mai ninki 0.5, bayanan da ke isowa ba su cika megafiksel 2 ba. Cusa fiksel miliyan 20 a wannan ɗan fili yana ƙanƙantar da kowannensu, hasken da yake samu ya ragu, hoton ya yi yashi-yashi, har ƙwayar maleriya mai siffar zobe a cikin jar ƙwayar jini ta yi kama da dattin Giemsa, rinin da ake rina jinin da shi. Wasu kyamarorin ma manhaja ce ke kumbura lambar, kuma sayar wa asibiti irinsu rashin tsoron Allah ne.

Nemi mai megafiksel 3 zuwa 5, mai USB 3.0, domin hoton ya biyo hannunka a allo yayin da kake saita gani. Ka tabbata madubinka yana da ƙofa ta uku a sama, inda ake ɗaura kyamara, kuma mahaɗin, wanda ake kira C-mount, ya dace da girman sensar. Kafin ka biya, tafi da gilashin jini wanda ka riga ka san sakamakonsa, a gwada a gabanka.