Katin amsa kira mai modem: Alhaji, riƙe kuɗinka

Wani mai sayar da shadda da atamfa a Babbar Kasuwar Katsina ya aiko da tambaya. Mai gyaran kwamfuta ya tallata masa wani kati na hannu da ake sakawa cikin kwamfutar tebur, wanda ke amsa kira, ya naɗi saƙon murya, kuma ya yi aikin modem, wato haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho. Abokan cinikinsa na Jibiya da Maraɗi kan kira yana masallaci ko ya rufe shago, ciniki ya wuce shi. Shin ya kamata ya saya?

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Damuwarka tana kan hanya, domin kiran da ba a ɗauka ba kuɗi ne ya tafi shagon maƙwabci. Amma wannan katin ba zai magance ta ba.

Karɓi katin ka juya bayansa. Za ka ga ƙananan ramuka biyu, ɗaya na wayar da ke fitowa daga bango, ɗaya na kan tarho. Babu inda za ka sa SIM. An ƙera shi ne don layin tarho na ƙasa, irin wanda kamfanin NITEL ke ja wa gidaje da ofisoshi a da, kuma tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001 waɗannan layukan suka riƙa mutuwa. Tambayi mai gyaran a wane layi zai jona maka shi, ka ji abin da zai ce.

Ko da layin yana nan, akwai sauran rina a kaba. Iyakar gudun modem ɗin kilobit 56 ne a daƙiƙa, hoton shadda ɗaya sai ya sha maka lokaci. Layin kuma guda ne: kana kan intanet, mai kira zai ji layi a cike. Dole kwamfutar ta kwana a kunne, KEDCO na ɗauke wuta amsa kira ya tsaya, sai dai ka ƙona fetur. Yawancin irin katunan an yi su ne a zamanin Windows 98 da XP, da wuya sabuwar kwamfuta ta gane su.

Abin da ya fi damuna shi ne halin mutanenmu. Dillalin Jibiya da ya ji na'ura ta amsa masa, kashewa zai yi ya kira wani. Amma shi ɗin ne zai turo maka saƙon murya mai tsawo a WhatsApp ba tare da ya ji komai ba.

Saboda haka sa kuɗin a waya ta biyu da layi na shago kaɗai. Ɗora mata WhatsApp Business, kyauta ce, ka rubuta saƙon da zai riƙa fita da kansa in ba ka kusa, da lokacin da za ka dawo. Jera hotunan kayanka da farashinsu a ciki. In za ka sallah, bar ta hannun yaron shago, da littafin rubuta sunan mai kira da abin da yake so. Kana dawowa daga Azahar, kafin ka buɗe kwanon abinci, bi su ɗaya bayan ɗaya ka kira.